Yadda Ake Mayar Da Keken Tsere Mai Faranti Ɗaya

Masauyin giya na gaba, ɗan ƙarfen nan da ke tura sarƙa daga babban faranti zuwa ƙarami, aiki biyu yake yi a jikin keke, amma ɗaya kawai yawancin mahaya suka sani. Na farko shi ne sauya giya. Na biyu kuwa ba a ganinsa sai ranar da aka cire shi: shi ne ke tare sarƙa ta gefe biyu, ya hana ta tsalle ta bar faranti idan taya ta daki gargada. Duk wanda zai mayar da kekensa mai faranti ɗaya, sai ya samo abin da zai maye waɗannan ayyuka biyu. Idan ya maye ɗaya ya bar ɗaya, ko dai ƙafafunsa su gaza a kan tudu, ko kuma ya riƙa sauka yana mayar da sarƙa da hannu a bakin titi.

Wannan tsari ya samo ƙarfi ne a 2012, lokacin da kamfanin SRAM ya fitar da XX1 don kekunan hawan duwatsu, da faranti ɗaya a gaba da giya 11 a baya. A 2015 suka kawo shi kan titi da Force 1 da Rival 1, Shimano ya biyo da GRX a 2019, Campagnolo kuma da Ekar mai giya 13 a 2020. Ƙwararrun 'yan tsere ba su rungume shi nan take ba. Ƙungiyar Aqua Blue Sport ta ƙasar Ailan ta yi kakar 2018 a kan keken 3T Strada mai faranti ɗaya, mahayanta kuma sun yi ta ƙorafi. Amma a 2023 Jonas Vingegaard ya hau irinsa a wasu matakai na Tour de France, gasar da ya lashe. A shekarar ce kuma Primož Roglič ya hau tudun Monte Lussari na Italiya da faranti ɗaya a Giro d'Italia, sarƙarsa ta faɗi a tsakiyar hawan, ya sauka ya mayar, duk da haka ya ci. Wannan faɗuwar sarƙa ta cancanci ka riƙe ta a zuciya, domin idan ta faru da keken da ƙwararrun makanikai suka haɗa, naka ma bai fi ƙarfinta ba.

Ribar a fili take: liba ɗaya za ka riƙa taɓawa, babu sarƙa mai goga da masauyin gaba, wanki da gyara sun yi sauƙi. Maganar rage nauyi kuwa kada ka ɗora mata buri. Masauyin gaba da ƙaramin faranti da wayarsu ba su wuce 'yan giram ɗari biyu ba, babban kaset ɗin da za ka sa a baya kuma, wato jerin zobba masu haƙora da ke jikin tayar baya, zai cinye wani kaso na abin da ka rage.

Lissafi kafin sufana

A nan gizo ke saƙa, kuma a nan nake so ka fi daɗewa. Kada ka sayi komai tukuna. Yi mako ɗaya ko biyu kana hawan hanyoyin da ka saba, kana lura da abu biyu: giya mafi sauƙi da tudu mafi tsanani ya tilasta maka shiga, da giya mafi nauyi da kake iya juyawa da gaske a shimfiɗaɗɗiyar hanya ko cikin ayarin abokan hawa. Rubuta su da adadin haƙora, na gaba da na baya. Yawanci an buga lambar a jikin faranti da jikin kowane zoben kaset, idan ta goge sai ka ƙirga.

Lissafin ba wuya. Raba haƙoran gaba da na baya, abin da ya fito shi ne sau nawa tayar baya ke juyawa idan feda ta zagaya sau ɗaya. Taya mai girman 700×25 tana cin ƙasa kimanin mita 2.1 a kowane juyi. Idan kana juya feda sau 90 a minti, sai ka ninka sakamakon rabawar da 11.4, ka sami gudunka a kilomita cikin awa.

Ɗauki keken da ya fi yawa a hannun mutane, mai faranti biyu masu haƙora 50 da 34, da kaset 11-28, wato ƙaramin zobensa haƙora 11, babban 28. Giyarsa mafi nauyi 50 a kan 11, wato 4.55, gudun kusan kilomita 52 a awa. Mafi sauƙi 34 a kan 28, wato 1.21, gudun kusan kilomita 14. Yanzu sa faranti ɗaya mai haƙora 44 da kaset 11-36. Mafi sauƙi ya zama 44 a kan 36, wato 1.22, kusan daidai da na da, ba ka yi asarar komai a tudu ba. Mafi nauyi ya zama 44 a kan 11, wato 4.0, gudun kilomita 45 da rabi. Abin da ka sadaukar ke nan, kimanin kilomita shida daga can ƙololuwa. Sai ka tambayi kanka tsakani da Allah sau nawa kake taka feda da ƙarfi alhali kana gudun da ya haura 45. Ko a nan ma, idan ka ɗaga juyin ƙafa zuwa 105 a minti, giyar nan za ta kai ka kilomita 53.

Wanda ke tsere a fili mara tudu zai fi son 48 ko 50. Da 48 a kan 11 zai sami kusan kilomita 50 a awa, amma mafi sauƙinsa da kaset 11-36 zai zama 1.33, kuma zai ji bambancin a gwiwa idan hanya ta miƙe sama. Wanda ke zaune cikin tuddai, 42 ko 40 da kaset 11-42 ya fi masa, har ya sami giyar da feda da taya ke juyawa ɗaya da ɗaya. Ni a ganina, idan kana shakka tsakanin girma biyu, ɗauki ƙaramin. Rasa giya a gangara ba ya hana ka isa gida, sai dai ka daina takawa ka bar keke ya gangara. Rasa giya a tudu kuwa saukar da mutum yake yi.

Akwai wani farashi da lissafin sama da ƙasa ba ya nunawa, shi ne tazarar da ke tsakanin giya da giya. Mai faranti biyu da kaset mai zobe 11 yana cewa giyarsa 22, amma da yawa maimaici ne: 50 a kan 25 da 34 a kan 17 duk 2.0 suke bayarwa. Duk da haka, kaset 11-28 na Shimano yana tafiya 11, 12, 13, 14, 15, haƙori ɗai-ɗai, shi ya sa sauyin ke da laushi. Kaset 11-42 kuwa daga 11 sai 13, sai 15, sai 17. Tsallen 11 zuwa 12 kashi 9 ne cikin ɗari, na 11 zuwa 13 kuwa kashi 18. Idan kai kaɗai kake tafiya, ba zai dame ka ba. Cikin ayari mai gudu, inda wani ne ke yanka maka gudun, za ka iske wannan giya ta yi nauyi, ta kusa da ita ta yi sauƙi, babu ta tsakiya. Saboda haka kada ka sayi kaset mafi faɗi don kawai yana nan. Sayi mafi ƙanƙanta da zai hau da kai tudunka.

Abu uku da za ka duba a jikin kekenka

Na farko, ƙafar feda ta dama, inda faranti ke ɗaure. Ramukan notinta suna kan wani da'ira, kuma faɗin da'irar dole ya zo daidai da na sabon faranti. Masu noti biyar yawanci milimita 110 ne ko 130. Auna daga tsakiyar noti zuwa tsakiyar na kusa da shi: idan ka sami milimita 64.7, 110 ne, idan 76.4, 130 ne. Mai 130 ba ya ɗaukar farantin da ya gaza haƙora 38. Shimano na zamani, tun daga Dura-Ace 9000, noti huɗu ne a kan 110, amma tazararsu ba ɗaya ba ce, don haka sai farantin da aka yi musamman dominsu, kuma a duba lambar ƙafar, domin siffar hannuwanta ta ɗan bambanta daga zubi zuwa zubi. Wasu ƙafafun ba su da hannuwa ma, farantin kai tsaye yake ɗaurewa a gindin ƙafar.

Farantin da za ka saya shi ne mai haƙora siriri da kauri, ɗaya bayan ɗaya. Dubi sarƙa da kyau, za ka ga gidajenta iri biyu ne, mai faɗi da matsattse, suna bin juna. Haƙori mai kauri yana cika gida mai faɗi, siriri yana shiga matsattse, sai sarƙa ta rasa wurin yin lilo. Haƙoran kuma sun fi tsawo. Shi ya sa irin wannan faranti kullum adadinsa cika ne, 40, 42, 44, ba a samun 43. Tsohon babban farantinka akasin haka aka ƙera shi: an gajarta wasu haƙoransa, an yi masa gangara da 'yan ƙusoshi don sarƙa ta sauka ta hau cikin sauƙi. Barinsa shi kaɗai babu mai tsaro neman wahala ne. Tabbatar kuma farantin ya dace da irin sarƙarka, musamman idan mai giya 12 ce, domin sarƙar Flattop ta SRAM da ta Shimano mai 12 kowace da haƙoran da take so.

Na biyu, masauyin baya. Kowane yana da iyakar zoben da zai iya hawa. A Shimano 105 R7000 da Ultegra R8000, mai gajeren hannu yana tsayawa a zobe mai haƙora 30, mai matsakaicin hannu a 34. GRX RX810 yana kai 34, RX812 yana kai 42, kuma dukansu suna aiki da libar titi ta Shimano mai giya 11. A ɓangaren SRAM, Rival 1 da Force 1 masu matsakaicin hannu suna kai 36, masu dogon hannu 42. Waɗannan na GRX da na SRAM suna da kuloci a ciki, wanda ke riƙe hannun masauyi kada ya yi ta bugawa gaba, sarƙa ta saki. Faranti mai siriri da kauri tare da kuloci, su biyun ne ke karɓar aikin tsaron da masauyin gaba ya bari. A titi mai santsi, da kaset da bai wuce 34 ba, tsohon masauyinka mara kuloci zai iya wadatarwa, amma sai ka ƙara ɗan matarin sarƙa a gaba, abin da ke rufe samanta ya hana ta barin faranti. Gargaɗi ɗaya: masauyin keken duwatsu na Shimano mai giya 11 ba ya jituwa da libar titi, domin tsawon wayar da kowace ke ja a danna ɗaya ya bambanta. Haka ma libar Shimano da masauyin SRAM.

Na uku, gidan kaset a tayar baya, wato inda ake jera zobbansa. Gidan Shimano na titi mai giya 11 ya fi na mai 10 tsawo da milimita 1.85. Kaset 11-34 da 11-42 na Shimano an yi su a kan gajeren gida, don haka a dogon gida sai an fara sa zoben cike mai kaurin 1.85 a baya. Idan kuwa kana son kaset mai farawa da haƙora 10, wannan gidan ba zai ɗauke shi ba, sai an canja shi zuwa XD ko XDR na SRAM, in har cibiyar tayarka tana karɓar canji.

Kayan aiki: alanki mai lamba 4 da 5, makullin tauraro T25 da T30, mayankin sarƙa, filayar buɗe mahaɗin sarƙa, makullin murfin kaset da bulalar sarƙa mai riƙe shi, almakashin waya, giris, tsumma, da sufana mai auna ƙarfin ɗauri. Wannan ta ƙarshe ba ado ba ce idan jikin kekenka na kabon ne.

Kwance tsohon tsari

Ɗora keke a kan mariƙi ko ka rataye shi yadda tayar baya za ta juya. Ɗauki hotuna ta kowane gefe kafin ka taɓa komai. Sauke sarƙa kan ƙaramin faranti da ƙaramin zobe don ta yi sako-sako, ka nemo mahaɗinta, wato gidan da ake buɗewa a raba ta, ka matse da filaya ta buɗe. Idan babu mahaɗi, tura ƙusa ɗaya da mayanki. Tsohuwar sarƙa ajiye ta gefe. Kusan kullum sabon tsarin yana son wani tsawon daban, kuma sarƙar da ta miƙe da rabin kashi ɗaya cikin ɗari za ta cinye sabbin haƙora da wuri.

Danna libar hagu har ta saki waya gaba ɗaya. Kwance notin da ya danne waya a jikin masauyin gaba, yanke ɗan murfin bakinta, ka ɗaga robar liba, ka turo wayar daga ƙasa har kanta ya leƙo, ka zare. Idan wayar ta cikin firem take bi, kuma kana jin wata rana za ka iya komawa faranti biyu, zura siririn bututu a kanta kafin ka zare, ka bar shi a ciki. Wanda ya taɓa laluben rami a cikin firem ya san amfanin wannan. Rigar wayar da ke ƙarƙashin tef ɗin kan keke za ka iya barinta zuwa ranar sauya tef. Libar hagu tana nan a wurinta, birki take riƙe da shi, kada ka taɓa wayar birki ko bututun mansa. Toshe ramukan da suka rage a firem da 'yan robobi don ruwa da ƙura.

Kwance masauyin gaba. Idan mai ɗamara ne, noti ɗaya ne, ya fita da ɗamararsa. Idan a kan kunnen firem yake, kunnen zai zauna, kuma nan ne mazaunin matarin sarƙa. Mai giyar lantarki aikinsa ya fi sauƙi: a Di2 na Shimano a zare wayar masauyin gaba a toshe ramin da ta bari da marufinsa, a AXS na SRAM kuwa a sake haɗa liba da masauyin baya ba tare da na gaba ba.

Sai ƙafar feda. A Shimano Hollowtech II, sassauta notuna biyu na ƙafar hagu, kwance murfin roba na tsakiya, ɗaga ɗan harshen tsaro da ke cikin tsagar, ka zare ƙafar, sannan ka bugi sandar da tafin hannu ta fito ta dama. Kwance notunan faranti, ka cire duka biyun, ka goge mazauninsu tas.

Ɗaura faranti da daidaita layin sarƙa

Tsofaffin notuna an yi su ne don su ratsa faranti biyu, don haka a kan ɗaya za su ƙare zarensu ba su matse ba. Nemi gajeru, ko ka sa washa. A ƙafar Shimano mai noti huɗu kuwa, notunan cikin jikin babban faranti suke ɗaurewa, idan ya tafi sai ka sayi notuna masu uwa da aka yi don wannan aiki. Shafa ɗan giris a zare, ka ɗaura su da hannu duka, sannan ka matse a gicciye, wannan sai mai fuskantarsa, kaɗan-kaɗan, zuwa ƙarfin da mai farantin ya rubuta. Notin alminiyam ba ya jure abin da na ƙarfe ke jurewa, kansa yakan tsinke.

Layin sarƙa shi ne nisan haƙoran faranti daga tsakiyar firem. A keken titi mai faranti biyu, tsakiyar farantan tana kan milimita 43.5, babba yana waje da haka da 'yan milimita, ƙarami yana ciki. Faranti ɗaya so ake ya zauna kusa da tsakiyar, ya kalli tsakiyar kaset. Yawancin farantan da aka yi don wannan canji ana ɗaura su a mazaunin babba, amma an karkato haƙoransu ciki don su cike gibin. Idan naka shimfiɗaɗɗe ne, ka gwada mazaunin waje da na ciki ka gani. A na ciki, lura da tazararsa da sandar firem mai zuwa tayar baya, a bar aƙalla milimita uku, domin firem yana ɗan lanƙwasa idan ka miƙe tsaye kana takawa, haƙora kuma ba sa tausayin fenti ko kabon.

Mayar da ƙafa. Murfin roba na hagu da yatsu ake ɗaure shi, aikinsa kawai ya kawar da girgiza, idan ka matse shi da ƙarfi boris zai mutu da wuri. Mayar da harshen tsaro, ka matse notuna biyun bi da bi zuwa tsakanin 12 da 14 a ma'aunin Nm na sufana mai auna ƙarfin ɗauri.

Kaset, masauyi da sarƙa

Cire tayar baya, riƙe kaset da bulala, kwance murfinsa. Goge gidan, sa zoben cike idan ana bukata, ka jera sabon kaset. Akwai tsaga ɗaya mai faɗi da ke hana a sa shi a karkace. Matse murfi zuwa 40 Nm, ka girgiza zobban da hannu, kada ka ji motsi. Idan za ka sauya masauyi, duba kunnen da yake rataye a kai tukuna. Kunnen da ya ɗan lanƙwashe yakan ɓoye laifinsa a ƙaramin kaset, amma babba zai tona shi. Ɗaura sabon da 8 zuwa 10 Nm, ka sa sabuwar waya, ka duba ko rigarta ta baya ta isa ba tare da ta ja ba.

Awon sarƙa: naɗa ta a kan faranti da zobe mafi girma, ba tare da ta bi ta cikin masauyi ba. Ja bakunan biyu su haɗu, ka lura da inda suka haɗu. Daga nan ake ƙari. Masauyin titi na gargajiya gida biyu ake ƙara masa, masu kuloci na babban kaset yawanci huɗu, takardar masauyinka ita ce alƙali. Ƙirga mahaɗin a cikin lissafi, kuma bakunan biyu su ƙare da matsattsen gida don mahaɗin ya shiga. Idan kana kokwanto, yanke da tsawo. Ragewa minti ɗaya ne, gajeriyar sarƙa kuwa tana iya fizge masauyi ta karya kunne ranar da ka hau babban zobe.

Kashe kulocin Shimano da ɗan maɓallinsa, ko ka kulle hannun na SRAM a buɗe. Zura sarƙa ta gaban ƙaramar taya mai haƙora ta sama da ke hannun masauyi, ta bayan ta ƙasa, ka kula da ɗan harshen ƙarfe da ke tsakaninsu, kada sarƙa ta bi ta bayansa tana goga. Sarƙar Shimano gefen rubutu ne ke kallon waje. A kan faranti, ka tabbata haƙori mai kauri ya faɗa gida mai faɗi. Idan ta ƙi zama ta yi tozo, ɗaga ta ka matsar da haƙori ɗaya. Haɗa mahaɗin, juya shi ya zo layin sama, riƙe birkin baya, ka taka feda da ƙarfi har ka ji ƙas. Yawancin mahaɗan giya 11 da 12 sau ɗaya aka yarda a yi amfani da su.

Saiti

Fara da sukurori biyu na iyaka. Mai alamar H yana tsayar da masauyi a waje: ƙaramar taya ta sama ta tsaya daidai ƙarƙashin ƙaramin zobe. Mai alamar L yana tsayar da shi a ciki: tura masauyi da hannu zuwa babban zobe kana juya feda, ya hau amma kada ya wuce ko da gashi ɗaya, domin bayan zoben nan wayoyin taya ne. Ɗaure waya, ka danna liba sau ɗaya. Idan sarƙa ta yi jinkirin hawa zobe na biyu, juya madaidaicin waya, ɗan abin murɗawa da ke ƙara mata tauri ko sassauta ta, zuwa hagu, rubu'in juyi a lokaci guda. Idan saukowa take jinkiri, mayar da shi dama.

Sukuri na uku, mai alamar B, shi ke nisanta ƙaramar taya ta sama daga haƙoran kaset, kuma da babban kaset muhimmancinsa ya ninka. Sa sarƙa a babban zobe ka duba tazarar. Idan ta yi kusa za ka ji gurnani, idan ta yi nisa sauyi zai yi kasala a ƙananan zobba. Masauyin titi na Shimano 'yan milimita kaɗan yake so, na SRAM mai faranti ɗaya ya fi son tazara mai yawa, wasu ma da ma'auninsu na roba suke zuwa. Kunna kuloci, ka sake bin giyoyin duka, domin yakan ɗan ƙara wa liba nauyi.

Yanzu tsaya a bayan keke, sa sarƙa a zobe na shida cikin 11, ka runtse ido ɗaya ka bi ta da kallo. Ya kamata ta tafi a miƙe. Sannan hau babban zobe ka juya feda baya a hankali sau uku ko huɗu. Idan sarƙa ta gangaro da kanta tun a juyin farko, faranti ya yi waje da yawa, sai a matso da shi ciki da milimita ɗaya ko biyu. Ɗan ƙara a zobe na farko da na ƙarshe ba laifi ba ne, sarƙar a karkace take aiki a can, kuma wannan yana cikin abin da ka amince da shi tun da ka zaɓi faranti ɗaya.

Matarin sarƙa shi ne na ƙarshe. Ɗaura shi a kunnen da masauyin gaba ya bari, ya rufe saman sarƙa da tazarar milimita biyu ko uku, ka bi giya ta farko da ta ƙarshe ka tabbata ba ya goga. Nauyinsa bai taka kara ya karya ba, kuma ga mai shiga tsere ko mai bin hanya mai gargada, ban ga dalilin barinsa ba.

Gwajin farko a yi shi kusa, a hanyar da babu motoci. Bi giyoyin sama da ƙasa a zaune, sannan ka miƙe ka taka da ƙarfi a ƙaramin zobe, inda sarƙa ta fi sako-sako, ka bi ta kan 'yar gargada da gangan. Dawo ka sake bin notunan faranti da na ƙafar hagu da sufana, ka sake duba su bayan hawa biyu ko uku, lokacin da sabuwar waya ta gama zama, wataƙila ta nemi rubu'in juyi.

Daga nan kulawar ta koma kan sarƙa. Faranti ɗaya shi ke ɗaukar duk tafiyar da biyu ke rabawa, kuma riƙonsa yana raguwa yayin da haƙora masu kauri ke sirancewa, don haka sarƙar da ta fara faɗuwa bayan dogon lokaci tana lafiya alama ce ta farantin ya ci. Auna sarƙa a kai a kai, ka sauya ta da miƙewarta ta kai kashi 0.5 cikin ɗari. Idan bayan wata guda ka ga girman da ka zaɓa bai yi maka ba, sauya faranti aikin 'yan mintuna ne: bambancin haƙora biyu yawanci sarƙar za ta ɗauka yadda take, amma ka hau babban zobe a kan mariƙi ka tabbata hannun masauyi bai miƙe ƙarshensa ba. Bambancin haƙora huɗu kuwa yana bukatar ƙarin gida biyu ko ragin biyu, tare da ɗaga matarin sarƙa ko sauke shi.